Gado da garkuwar jiki: Yadda ƙwayoyin halitta ke sa jiki ya yaƙi kansa

A garuruwan kudancin Jigawa, daga Fagam zuwa Gwaram har Birnin Kudu, idan mace ta fara fama da ciwon gaɓɓai, yatsunta suka kumbura, ta wayi gari ba ta iya riƙe muciya, abin da ake fara cewa shi ne sanyi ya kama ta. Idan aka tuna cewa mahaifiyarta ko gwaggonta ta yi irin wannan lalura, sai a ce amosanin gado ne. Wasu kuma su danganta abin da sammu ko iska. A cikin waɗannan fassarori, ta gado ce ta fi kusa da abin da ilimin likitanci ya tabbatar, amma gadon ya sha bamban da wanda aka sani a cutar sikila.

Wani kaso na irin wannan ciwo yana cikin rukunin cututtuka fiye da 80 da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi jikin da take karewa. Cikinsu akwai amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu, da lupus, da ciwon suga na yara, da wasu cututtukan maƙogwaro. Abin da mutum ke gada a nan shi ne yiwuwar kamuwa, tare da nau'in kuskuren da garkuwarsa za ta iya yi. Ita cutar kanta sai wasu dalilai sun haɗu kafin ta bayyana.

Garkuwar jiki da makamanta

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin B. Aikinsu shi ne ƙera wani sinadari da likitoci ke kira antibodi, wanda ke manne wa ƙwayar cuta ya nuna ta ga sauran dakarun jiki domin su hallaka ta. Kowane antibodi yana da abin da aka ƙera shi dominsa. Wanda jiki ya yi wa ƙyanda ba zai yi aiki a kan sanƙarau ba, kuma a kan wannan ne allurar rigakafi ta ginu.

Jiki yana ƙera miliyoyin nau'o'in antibodi ba tare da zaɓi ba, saboda haka dole a samu waɗanda suka dace da naman jikin mutum kansa. Akwai matakan tacewa da ke kawar da irin waɗannan tun a cikin ɓargo, akwai kuma wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa da ke kwantar da waɗanda suka kuɓuce. Idan tacewar ta gaza, sai a samu antibodi mai kai hari ga gaɓɓai, ko ƙoda, ko fata, ko ƙwayoyin da ke samar da insulin. Shi ake kira otoantibodi, wato antibodin da ke yaƙar mai shi.

A farkon ƙarni na 20 masanin Jamus Paul Ehrlich ya yi hasashen cewa jiki yana da hanyoyin da ke hana shi cutar da kansa, kuma likitoci da dama sun daɗe suna ganin abin ba zai yiwu ba. A 1940 Erik Waaler na ƙasar Norway ya wallafa bayanin wani sinadari a jinin masu amosanin gaɓɓai, wanda yanzu ake kira RF. A 1948 Malcolm Hargraves ya gano wata alama a ɓargon masu lupus a Amurka. A 1956 Ivan Roitt da Deborah Doniach a Landan suka nuna otoantibodi a jinin masu wata cutar maƙogwaro da ake kira Hashimoto. A 2025 aka bai wa Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kyautar Nobel ta likitanci saboda gano ƙwayoyin T masu tsawatarwa da ƙwayar gadon FOXP3 da ke sarrafa su.

Inda gado ya shigo

Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, jere a kan kromosom 46, rabi daga uwa rabi daga uba. A kan kromosom na 6 akwai wani rukuni da ake kira HLA, wanda likitan Faransa Jean Dausset ya fara ganowa a 1958, aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1980. Aikin HLA ya yi kama da na mai talla da faranti: yana ɗauko guntayen abin da ke cikin jiki ya baje su a gaban ƙwayoyin T, su kuma su duba ko na gida ne ko baƙo. Idan suka yanke cewa baƙo ne, sai su umarci ƙwayoyin B su fara ƙera antibodi.

Farantin kowa da siffarsa. Nau'o'in HLA sun kai dubbai, kuma siffar da mutum ya gada ita ke nuna irin guntun da zai fi riƙewa. Wata siffar takan riƙe guntun naman jiki da kyau har ta sa a ɗauke shi baƙo. Wannan ne ya sa nau'in HLA da mutum ya gada yake da alaƙa da takamaiman otoantibodin da jikinsa zai iya ƙerawa. Bayan HLA akwai wasu ƙwayoyin gado masu ƙara ko rage zafin garkuwa. A amosanin gaɓɓai kaɗai an gano wurare fiye da 100 a jerin gado da ke da hannu, kowanne da ɗan ƙaramin tasirinsa.

Cututtuka uku da suka bayyana al'amarin

Amosanin gaɓɓai. A 1987 Peter Gregersen da abokan aikinsa suka nuna cewa nau'o'in HLA-DRB1 da ke yawaita a masu wannan cuta suna da wani ɗan sashe iri ɗaya. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1990, masu bincike a ƙasar Holan suka samar da gwajin anti-CCP. Sai aka gano cewa wannan sashe na HLA yana da alaƙa mai ƙarfi da masu ɗauke da anti-CCP, alaƙarsa da waɗanda ba su da shi kuwa mai rauni ce. Ma'ana, gadon yana tura jiki ne ga ƙera wannan antibodi, shi kuma antibodin yana tafiya da nau'in cutar da ya fi cin ƙashi.

Binciken da aka wallafa daga Suwidin a 2006 ya ƙara haske. Mai shan taba da ya gaji wancan sashe daga uwa da uba duka, haɗarin kamuwarsa da amosani mai anti-CCP ya ninka kusan sau 21 a kan wanda ba ya sha kuma bai gada ba. Hayaƙin taba yana sauya siffar wasu sinadarai a huhu, HLA ɗin da aka gada kuma ya dace da sabuwar siffar. Ƙurar duwatsu da masu fasa dutse da haƙar ma'adinai ke shaƙa ita ma tana ƙara haɗarin.

Lupus. Wannan cuta tana iya taɓa fata, da gaɓɓai, da ƙoda, da jini, da ƙwaƙwalwa, kuma masu ita suna ɗauke da otoantibodi iri-iri. Nau'in HLA-DR3 yana da alaƙa da anti-Ro da anti-La. Anti-Sm ya fi yawa a marasa lafiya masu asalin Afirka fiye da Turawa. Anti-dsDNA yakan tafi tare da ciwon ƙoda. Sanin nau'in yana da amfani kai-tsaye. Anti-Ro yana iya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, kuma a kusan ciki 1 zuwa 2 cikin 100 na matan da ke ɗauke da shi yakan jawo wa jariri matsalar bugun zuciya. Saboda haka mai irin wannan antibodi tana buƙatar kulawa ta musamman a lokacin awon ciki.

Ciwon suga na yara. A wannan nau'in, garkuwa ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Nau'o'in HLA biyu, DR3-DQ2 da DR4-DQ8, su ne kan gaba. Binciken TEDDY da ya bi dubban yara a Amurka da Turai tun daga haihuwa ya nuna cewa masu DR4-DQ8 sun fi fara ƙera antibodin da ke yaƙar insulin, masu DR3-DQ2 kuma sun fi farawa da wanda ke yaƙar sinadarin GAD. Wani nazari na 2013 ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yaran da ke ɗauke da irin waɗannan antibodi biyu ko fiye sun kamu da cutar cikin shekara 10.

Bambancinsa da gadon sikila

Mutanen Arewa sun saba da lissafin AA da AS da SS. Ƙwayar gado ɗaya ce ke da alhakin sikila, kuma duk wanda ya gaji S biyu yana da cutar. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zama SS. Wannan tabbacin ne ya sa gwajin jini kafin aure yake da ma'ana, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024.

Cututtukan garkuwa ba su da irin wannan lissafi, kuma tagwaye ne shaida. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu ɗaya ne. Da gado kaɗai ne ke kawo cutar, da duk lokacin da Hassana ta kamu sai Usaina ma ta kamu. Wani binciken Amurka na 1992 ya gano cewa a lupus hakan na faruwa ne a kusan kashi 24 cikin 100 na irin waɗannan tagwaye, da kashi 2 kacal a tagwayen da ba na ƙwai ɗaya ba. A amosanin gaɓɓai adadin ya kai kusan kashi 15 cikin 100. Tazarar da ke tsakanin 24 da 2 ita ce ƙarfin gado. Tazarar da ke tsakanin 24 da 100 kuma ita ce rabon muhalli: hayaƙi, da ƙura, da wasu ƙwayoyin cuta, da zafin rana ga masu lupus, da sauye-sauyen jikin mace, da wasu magunguna.

Akasarin masu ɗauke da nau'o'in HLA da aka ambata suna rayuwa har tsufa lafiya lau. Babu wani gwajin jini kafin aure da zai iya cewa 'ya'yan wane da wance za su kamu da lupus, don haka babu hujjar likitanci ta fasa aure saboda an ji akwai cutar a dangi.

Dalilin da ya sa mata suka fi kamuwa

Kusan 9 cikin kowane mutum 10 masu lupus mata ne, yawancinsu a shekarun haihuwa. A amosanin gaɓɓai mata sun ninka maza kusan sau uku. Sinadaran jikin mace suna da hannu, gado ma yana da nasa. Mace tana da kromosom X biyu, namiji yana da ɗaya, kuma a kan X akwai ƙwayoyin gado masu zuga garkuwa, irin su TLR7. Mazan da aka haifa da ƙarin X an gano haɗarin lupus a wurinsu ya ninka na sauran maza kusan sau 14. A 2022 aka wallafa rahoton wata yarinya 'yar Sifen da sauyi ɗaya a TLR7 ya jawo mata lupus mai tsanani tun tana ƙarama.

Zazzaɓin cizon sauro da gadon mutanen yankinmu

Najeriya tana da gurbi a tarihin wannan fanni. A 1968 likitan Birtaniya Brian Greenwood, wanda ke aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya wallafa cewa cututtukan garkuwa ba su da yawa a cikin marasa lafiyar da ake kwantarwa a can, alhali lupus ta yi yawa a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda kakanninsu suka fito daga Afirka ta Yamma. Ya yi hasashen cewa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro ne ke shagaltar da garkuwa. Daga 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya yi kusan shekara 10 yana bincike kan zazzaɓi da sanƙarau.

Daga baya, da aka samu ƙwararrun likitocin gaɓɓai da kayan gwaji, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas suka riƙa wallafa rahotannin masu lupus da dama a Najeriya. Hakan ya nuna cewa rashin ganowa yana daga cikin abin da ya sa ake ganin cutar ba ta da yawa. Duk da haka alaƙar zazzaɓi da gado ta tabbata ta wasu fuskoki. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa suka nuna a Gambiya cewa nau'in HLA-B53, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana kare yara daga zazzaɓi mai tsanani. Wani sauyi a ƙwayar gadon FCGR2B, wadda aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin B birki, ya fi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. Bincike ya danganta shi da kariya daga zazzaɓi mai tsanani a yaran Kenya, ya kuma danganta shi da ƙarin haɗarin lupus. Garkuwar da ta fi zafi tana ceton yaro daga sauro, amma ta fi saurin wuce gona da iri.

Yankin Gwaram da Birnin Kudu gida ne na Hausawa da Fulani, saboda haka wani binciken ya shafe shi. A 1996 David Modiano da abokan aikinsa suka gano a Burkina Faso cewa Fulani suna ƙera antibodin zazzaɓi fiye da maƙwabtansu Mosi, kuma ba sa kamuwa kamar su, ko da yake sauro ɗaya ke cizonsu. A 2008 wani nazari ya nuna ƙwayoyin T masu tsawatarwa ba su da ƙarfi sosai a jinin Fulanin da aka gwada. Wannan shaida ce cewa al'ummomin da ke zaune wuri ɗaya suna iya bambanta a zafin garkuwa ta hanyar gado. Binciken a kan zazzaɓi aka yi shi, bai kuma ce wata ƙabila ta fi wata kamuwa da lupus ba.

Akwai kuma ƙwayar gadon APOL1, wadda aka gano muhimmancinta a 2010. Wasu nau'o'inta biyu da suka yawaita a Afirka ta Yamma suna ba da kariya daga cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Mai lupus da ya gaje su daga uwa da uba duka ya fi saurin fuskantar lalacewar ƙoda.

Ilimin Turai bai wadatar ba

Wani sauyi a ƙwayar gadon PTPN22, wanda aka gano a 2004, yana cikin manyan dalilan cututtukan garkuwa a arewacin Turai, amma da wuya a same shi a 'yan Afirka. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa kusan kashi 2. A 2025 aka wallafa binciken da aka yi a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu, wanda ya gano cewa kusan kashi 65 cikin 100 na matasan da aka ce suna da ciwon suga na yara ba su ɗauke da otoantibodin da aka saba gani a Turai. Shirin H3Africa, wanda aka ƙaddamar a 2010 kuma masu binciken Najeriya suka shiga, an kafa shi ne domin cike irin wannan giɓi.

Auren zumunci

Auren dangi al'ada ce mai tushe a ƙasar Hausa da tsakanin Fulani. A yawancin cututtukan garkuwa, waɗanda ƙwayoyin gado masu yawa ke haɗuwa su kawo, tasirinsa ba shi da girma. Inda yake da tasiri shi ne wasu nau'o'i da ba a cika gani ba, waɗanda ƙwayar gado ɗaya ke kawowa idan an gaje ta ta ɓangarori biyu. Rashin sinadarin C1q misali ne: kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka haifa babu shi suna kamuwa da lupus, galibi tun suna yara. A 2011 aka gano irin wannan a ƙwayar DNASE1L3 a wasu iyalan Saudiyya masu auren dangi. Idan yara biyu ko fiye a gida ɗaya suka nuna alamun lupus tun kafin balaga, wajibi ne a sanar da likita dangantakar iyayensu.

Yadda ake fassara gwaji

Samun otoantibodi a jini ba ya nufin mutum yana da cuta. Gwajin ANA, wanda ake fara yi idan ana zargin lupus, yakan nuna alama a kusan mutum 1 cikin 3 masu lafiya idan aka auna a mataki mafi ƙasa na 1:40, da kusan kashi 5 cikin 100 a matakin 1:160. Shi ma RF yakan bayyana a masu ciwon hanta, da tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da tsofaffi, waɗanda duk sanannu ne a yankinmu. Anti-CCP ya fi shi tantancewa. Likita yana haɗa sakamakon gwaji ne da alamun da ya gani da tarihin dangi kafin ya yanke hukunci.

A ɗaya ɓangaren, antibodi yakan riga cuta zuwa. Wani binciken 2003 da ya duba jinin sojojin Amurka 130 da aka adana kafin su kamu da lupus ya gano kashi 88 cikin 100 suna ɗauke da otoantibodi tun kafin a gano cutar, wasu da fiye da shekara tara. Wannan tazara ita ce damar kama cutar da wuri.

Abin da iyali za su kula da shi

Alamun da suka kamata a kai wa likita sun haɗa da kumburin ƙananan gaɓɓai a hannu biyu da ya wuce mako shida, da sandarewar yatsu da safe na fiye da rabin awa, da ƙuraje ko sauyin launi a kumatu da karan hanci, da zubewar gashi, da gyambon baki, da fitsari mai kumfa, da kumburin ƙafa, da zazzaɓin da ba ya jin maganin sauro, da ɓarin ciki a kai a kai. A yaro kuma, yawan ƙishirwa da fitsari tare da rama.

Ga mazauna Fagam da kewaye, cikin manyan cibiyoyin da za a iya zuwa akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake tura masu buƙatar ƙwararru. Yana da kyau mara lafiya ya tafi da bayanin dangi: wa ya yi ciwon gaɓɓai, wa ya yi ciwon ƙoda yana matashi, wa ya yi ciwon maƙogwaro ko ciwon suga tun yana yaro. A gida ɗaya ana iya samun uwa da amosani, 'ya da lupus, jika da ciwon suga, domin ƙwayoyin gadon da ke bayansu suna da tushe ɗaya.

A guji sayen prednisolone ko dexamethasone a kemis ba da umarnin likita ba. Suna kwantar da ciwo nan take, amma daɗewa a kansu yana kawo hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi, kuma daina su farat ɗaya yana da haɗari. Yawan shan diclofenac da ire-irensa yana lahanta ƙoda. Magungunan da ke dakatar da ɓarnar, irin su methotrexate ga amosani da hydroxychloroquine ga lupus, sun fi amfani idan an fara su a watannin farko, kafin gaɓa ta lanƙwashe ko ƙoda ta lalace, kuma methotrexate bai halatta ga mai ciki ko mai neman haihuwa ba. Wanda ya san akwai amosanin gaɓɓai a danginsa kuma yana shan taba, barin ta shi ne mataki mafi girma da ke hannunsa.